Intanet a makarantu: wa zai biya kuɗin wata-wata?

Wani labari ya ce gwamnatin Ghana za ta ware kuɗi don sa intanet a makarantun gwamnati. Madalla. Amma 'yan uwa, mu tambayi abin da ke cikin kwangilar tukuna. Tun da aka ƙaddamar da rabon tablet ga ɗaliban babbar sakandare (SHS) a 2024, hankalin kowa na kan na'ura, an bar wuta da kuɗin data a baya.

Ku duba makarantun Asawase da Aboabo nan Kumasi, ginin bulo ne da siminti, wasu har da bene. Rawuta ɗaya, wato na'urar da ke rarraba intanet, a ofishin hedimasta da ƙyar take ratsa bango biyu ko uku. Kowane layin azuzuwa na buƙatar nasa access point, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, a jawo masa wayar intanet irin Cat6 daga switch, akwatin da wayoyin ke haɗuwa, kuma kada wayar ta wuce mita 100, in ta wuce saƙo ya fara yankewa. Yara 40 suka buɗe bidiyo lokaci ɗaya, kowa na cin megabit 2 (ma'aunin gudun intanet), megabit 80 ke nan ga aji guda tak.

Sai wuta. Ba ɗaukewar ce ke ƙona switch ba, dawowarta da ƙarfi ce, ga tsawa lokacin damina. Dole a sa UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, da abin kare kaya daga ƙarfin wuta, a binne earth mai kyau, wato ƙarfen da ke kai rarar wuta cikin ƙasa. Batirin UPS kuwa shekara biyu zuwa uku ya gaji a wannan zafi namu.

Don haka ko GETFund, asusun tallafa wa ilimi, ne zai biya ko GIFEC, asusun faɗaɗa hanyoyin sadarwa, a rubuta kuɗin data na shekara uku, da canjin batir, da ma'aikacin gyara na kowace gunduma a cikin kasafin. Capitation grant, kuɗin da gwamnati ke ba makaranta bisa yawan ɗalibanta, ba zai ɗauki wannan nauyi ba.