Buhu mai kilo 100 da bayan ɗan dako: Ina laifin yake?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba cikin lalurorin da ke nakasa mutane a duniya. A nan Zariya, idan magidanci ya fara dafe baya kafin ya miƙe daga sujada, sai a ce sanyi ne ya kama shi ko girma ne ya zo, alhali sau da yawa bai cika shekara 40 ba. A ganina, kafin a ɗora wa sanyi laifi, ya kamata a tambayi mutum irin aikin da yake yi da yadda ake biyansa.

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Sabon Gari lokacin da ake sauke hatsi ya ga yadda mutum biyu ke cicciɓar buhun masara su aza wa na uku a kafaɗa, shi kuma ya tafi a duƙe yana sassarfa, domin a kan kowane buhu ake biyansa. Irin wannan buhu yakan kai kilo 100, alhali tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai guringuntsi mai laushi da ke hana su gugar juna, kuma idan mutum yana sunkuyawa ya ɗaga nauyi tare da murɗa ƙugu, yau da gobe guringuntsin yakan turo waje ya danne jijiya, zafi ya riƙa sauka har tafin ƙafa.

Aikin zaune ma bai tsira ba. Mai ɗinkin babbar riga a cikin birni yakan wuni a kan tabarma, ƙafa a tanƙwashe, wuya a sunkuye, yatsu suna maimaita motsi ɗaya da allura har tsawon makonni, daga baya ya fara jin hannun yana mutuwa cikin dare. Haka direban Keke da jijjigar hanya ke dukan ƙugunsa, da ma'aikaciyar jinya mai juya majinyaci ita kaɗai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake rufe ciwon. Da yamma sai a biya kemis a karɓi haɗin maganin gajiya, gobe a koma kan aikin da ya jawo matsalar. Yawan shan maganin kashe zafi irin Diclofenac yana janyo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, Tramadol kuwa ya jefa matasa masu aikin ƙarfi da dama cikin jaraba. Wanda ƙafarsa ta fara rauni ko ya kasa riƙe fitsari, asibiti ya dace da shi ba tare da jinkiri ba.

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, amma ɗan dakon da ba shi da takardar ɗaukar aiki da wuya ya amfana da ita. Saboda haka nake ganin nauyin ya koma kan shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin sana'a. Za a ce rage girman buhu zai ƙara wa 'yan kasuwa kuɗin buhuna, su kuma 'yan dako su ji tsoron a rage musu lada, kuma wannan tsoro yana da tushe. To, ai siminti da takin zamani a buhun kilo 50 suke zuwa, kuma cinikinsu bai tsaya ba. Idan aka yanka ladan dako bisa nauyin kaya maimakon yawan buhu, aka kuma tanadi baro da kura a wuraren sauke kaya, ɗan dako zai tashi da kuɗin da ya saba samu ba tare da an aza masa kilo 100 a wuya ba.