Mashigar Adre da yunwar da gwamnatin Sudan ta ƙi amsa sunanta

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, mutanen da suka bar gidajensu sun haura miliyan 11. Laifin RSF ba ya buƙatar shaida daga bakina, domin kisan gillar da aka yi wa ƙabilar Masalit a El Geneina, da ƙawanyar da aka yi wa El Fasher fiye da shekara guda har ta faɗi a Oktoban 2025, duniya duk ta gani. Wadda nake tuhuma a yau ita ce gwamnatin Burhan da ta tare a Port Sudan, saboda ita ce ke kiran kanta uwar al'umma, kuma sai da izininta Majalisar Ɗinkin Duniya ke iya tsallaka iyaka da buhun dawa.

A Fabrairun 2024 wannan gwamnati ta hana shigo da kayan agaji ta Adre, mashigar da ta haɗa gabashin Cadi da Darfur, bisa hujjar cewa ta nan makamai ke kai wa ga abokan gabanta. Ban ce zargin ba shi da tushe ba. To amma motar abinci abar caje ce, kuma makamin da aka yi niyyar shigo da shi ba ya tsayawa neman hatimin kowa, don haka wanda hanin ya kama shi ne mai jego da jaririnta. Hanyar Tine da aka bari a buɗe kuwa, da damina ta zauna sai ruwa ya ci ta, manyan motoci suka tsaya cik. A farkon Agustan 2024 masana suka tabbatar da cewa yunwa ta kai matakin ƙoli a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur, inda kusan mutum dubu 500 suke zaune a lokacin, sannan ne fa aka buɗe Adre, aka kuma ce na wata uku ne kawai, sai ka ce cikin ɗan Adam ya san wa'adi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na Disambar wannan shekarar. Ana gab da fitar da rahoton da ke nuna yunwar ta bazu zuwa wasu wurare, sai gwamnatin ta janye daga tsarin IPC da ake auna ta da shi, tana mai cewa ana zubar da mutuncin ƙasa. Wane mutunci ne ya rage wa hukumar da take jin kunyar kalmar yunwa fiye da yadda take jin nauyin gawawwakin yara?

Maƙwabta ma kowa ya nuna halinsa. Cadi, duk da talaucinta, ta bar ƙofa a buɗe ta karɓi dubban ɗaruruwa, alhali tana ɗauke da 'yan gudun hijirar Darfur tun rikicin 2003. Masar kuwa, a Yunin 2023 ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffi waɗanda a da ba a tambayarsu.

A cikin ƙasar, waɗanda suka riƙe rayuka su ne matasan unguwanni da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka girka manyan tukwane a wuraren da ake kira takaya, da taimakon kuɗin da 'yan uwa ke turowa daga waje. Ɓangarorin biyu duk sun kama wasunsu, kowa na zarginsu da yi wa ɗaya aiki, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ɗaruruwan waɗannan murafu suka mutu.