Idan yaro ya tambaya, kada ku daka masa tsawa

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, iyaye 'yan'uwana.

Yarinya 'yar shekara huɗu ta ga cikin mamarta ya fito, sai ta ce, "Mama, ta ina jaririn ya shiga?" Abin da ke fara fita daga bakin yawancinmu shi ne, "Rufe min baki! Wa ya koya miki?" Ba wanda ya koya mata. Idonta ne ya gani, hankalinta ya nemi bayani. Amma daga ranar ta gane cewa maganar jiki ba a kawo ta gaban Mama, kuma za ta riƙe wannan darasi har ranar da wani abu zai same ta, ta rasa wanda za ta faɗa wa.

Wannan aiki na koyar da yara game da jikinsu ba na Fada a coci ba ne, ba na malamin makaranta ba ne, namu ne. Tun ranar baftisma aka tambaye mu ko mun ɗauki nauyin renon yaron cikin bangaskiya, muka amsa a gaban jama'a. Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Cocin Katolika, a 1965, ta kira iyaye malaman farko na 'ya'yansu. A 1981 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta cewa koyar da yara game da jiki da jinsi haƙƙi ne na iyaye, wajibi ne kuma a kansu.

To, ba wai a zaunar da ƙaramin yaro a zuba masa komai ba. Takardar da Majalisar Paparoma kan Iyali ta fitar a 1995 ta ce daga wajen shekara 5 zuwa balaga lokaci ne na kwanciyar zuciya, kada a dagula shi da bayanin da yaro bai nema ba. Amsa daidai girman tambaya, amma ta zama gaskiya. "Allah ne ya ba mu shi, ni da babanki, yana girma a wani wuri na musamman a cikina" ya ishi yarinyar da ta yi tambaya. "A asibiti muka sayo shi" kuwa ƙarya ce, kuma yara suna gano ƙarya da wuri fiye da yadda muke zato.

Lokacin wanka ma makaranta ce. Kina cuɗa shi kina gaya masa cewa Allah ne ya yi jikinsa, kuma duk abin da Allah ya yi yana da kyau ƙwarai, kamar yadda Farawa 1:31 ta faɗa. Muna rufe wasu wurare ne don suna da daraja, ba don ƙazanta ba, gama jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Ki ce masa, "Inda wandonka ya rufe, ba mai taɓawa, ba mai kallo. In wani ya ce maka 'kada ka gaya wa Mama', to ranar za ka gaya mini, ba zan doke ka ba."

Ku cika wannan alkawari. Masu lalata yara, galibinsu ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne. In ɗanka ya kawo maka ƙara, ka saurare shi, ko da wanda ya ambata ɗan'uwanka ne ko babba a coci, ka kai maganar ga hukuma. Wanda Yesu ya ce gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya, a Matiyu 18:6, bai cancanci rufin asiri ba.

Waya kuma, don Allah, kada a miƙa wa ƙaramin yaro ya shige ɗaki da ita shi kaɗai. Sannan kafin balaga ta iso, uwa ta keɓe da 'yarta ta yi mata bayanin al'ada tun ba ta gani ba, uba kuma ya zauna da ɗansa. Iyaye maza, ku nake nufi musamman, don ku ne kuka fi zillewa.