Dodon koɗi a cikin kwalba, da yadda hukuncinsa ya iso kotunanmu

A watan Agustan 1928, a garin Paisley na Sikotilan, aka saya wa wata mata mai suna May Donoghue lemon citta a cikin kwalba mai duhu. Sai da ta sha wani ɓangare, aka tsiyayo ragowar, sannan, kamar yadda ta faɗa a ƙararta, ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Tun da ba ita ta biya kuɗin ba, babu wani ciniki tsakaninta da mai masana'antar, kuma majalisa ba ta yi dokar da za ta dogara da ita ba. A 1932 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani, alƙalai uku cikin biyar, ta yanke cewa duk mai sarrafa kaya wajibi ne ya kula kada ya cutar da wanda kayan za su isa hannunsa, wanda Mai Shari'a Atkin ya kira maƙwabci.

Abin da ke burge ni shi ne tafiyar da hukuncin ya yi. Alƙalan sun yi la'akari da hukuncin Mai Shari'a Cardozo na 1916 a Amurka, kan motar da ƙafarta ta karye. Daga nan ƙa'idar ta tsallaka Ostareliya, inda wani likita ya kamu da ciwon fata saboda sinadarin da aka bari a cikin kamfan da ya saya. Mu ma a Najeriya, da muka gāji tsarin shari'ar Ingila ta hanyar mulkin mallaka, a 1973 wata kotu a Legas ta yi aiki da ita kan biskit ɗin da aka tarar da ruɓaɓɓen haƙori a cikinsa.

Ra'ayina shi ne, aron hukunci ba abin kunya ba ne, matuƙar ƙarfin hujja ne ya kawo shi. Tun 1963 muka daina kai ƙara Landan, saboda haka abin da alƙalin Ingila ya faɗa a yau shawara ce kawai a wajenmu. Duk da haka, yana damuna in ji lauya ya jero hukunce-hukuncen waje kamar ba a ja da su, ba tare da ya tambaya ko sun dace da ƙasar da ake sayen ruwan leda a bakin titi babu rasit ba. A 1990 Ingila ta janye daga wata ƙa'ida kan gine-gine masu aibi, amma Niyu Zilan ta ƙi bin ta, kuma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara da ke Landan, wadda a lokacin ake kai mata ƙararrakin Niyu Zilan, da kanta ta amince cewa yanayin ƙasar ya ba ta damar bin tata hanyar. Irin wannan ƙarfin hali nake so in ƙara gani daga alƙalanmu, musamman a shari'o'in gurɓataccen abinci da jabun magani.