Rigimar Yamai da Kwatano a jikin mutanen Kebbi take ƙarewa

Kebbi ce kaɗai jihar Najeriya da ta yi iyaka da Nijar da kuma Benin. Shi ya sa duk lokacin da Yamai da Kwatano suka ɓata, mutanen Kamba da Lolo da Tsamiya ke fara ji a jikinsu tun labari bai kai Abuja ba.

Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, kowace ƙasa a yankin ta shiga neman uban gida. Nijar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen shekarar, Amurka ta kwashe nata daga Agadas a 2024, Rasha ta turo masu ba da horo. Benin kuwa ta ci gaba da hulɗa da Faransa, Yamai ta ce ana shirya mata makirci daga can, gadar Gaya da Malanville, wadda ta haɗa Nijar da Benin, ta zauna a rufe. Waɗanda suka ci riba su ne 'yan bindigar dajin W, wanda ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso. Ɗan ta'adda yana tsallaka iyaka yadda ya ga dama, sojan da ke bin sa kuwa dole ya ja birki, domin hukumomin ba sa ga maciji. A Afrilun 2025 an kashe sojojin Benin 54 a wannan daji. Mu ma a Kebbi 'yan bindigar Lakurawa sun kashe mana mutum 15 a Mera da ke Augie a Nuwambar 2024.

Ƙaramar ƙasa ba ta da kuɗin jirage da dakarun da za su tsare kowace kusurwa, wannan gaskiya ne. Amma babbar ƙasar da ta zo daga nesa da lissafinta ta zo, ko yuraniyom ɗin Arlit ko man Agadem, kuma ranar da lissafin ya sauya za ta naɗe tabarmarta. Da wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Kwatano a Disambar 2025, jiragen Najeriya ne suka kai ɗauki.

Najeriya ma tana da nata laifin. Rufe iyaka da yanke wa Nijar wutar lantarki a 2023 bai mayar da Bazoum kan mulki ba, talakawa ya gasa, ya kuma bar tabon da har yau bai warke ba. Ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi.

Ina ganin aikin da ke gaban Abuja shi ne ta zaunar da maƙwabtan nan biyu, ko da masu kaki ne ke mulki a Yamai, a amince da sintiri tare da musayar bayanan sirri daga Kamba zuwa Gaya zuwa Malanville. A sa sarakunan Gwandu da Argungu da Doso a ciki, domin Dandawa da Zabarmawa da Fulanin wannan yanki dangin juna ne, kuma su ke fara ganin baƙon da ya shigo da bindiga a kan babur.