Masu jan jirgi a kogin Volga ba bayi ba ne

Wanda ya ga zanen nan na Ilya Repin, mai zane ɗan ƙasar Rasha, mutum 11 sun rataya igiya a ƙirji suna jan jirgi a gaɓar Volga, yakan ɗauka bayi ne, kuma da ƙafa suke jan kaya har masauki. Ko ɗaya ba haka ba ne. An soke bautar gandu a Rasha a 1861, zanen kuwa a 1873 aka gama shi.

'Yan ƙwadago ne, ana ce musu burlaki. A wancan zamanin, ƙanƙarar kogi na narkewa sai su taru a Rybinsk, wani gari a bakin Volga, inda ake sauke hatsin kudu a sake loda shi a ƙananan jirage zuwa Saint Petersburg. Ƙungiya-ƙungiya suke ciniki, su karɓi kafin alƙalami. Gogaggensu, wanda ake ce wa shishka, shi ke gaba yana ba da taku. Waɗanda bashi ya cinye ladansu a tsakiya ake sa su, don ba su da zuciyar aiki, masu himma na bayansu suna tura su. Na ƙarshe kuwa aikinsa kwance igiya in ta maƙale a dutse ko kututture.

Ja ta gaɓa ma sai in dole. Iska in ta yi daɗi, filafilai ake ɗagawa. Inda gaɓa ta yi taɓo, kwalekwale ke kai anka, wato ƙarfen tsayar da jirgi, can gaba ya jefa, mutane a kan jirgi su yi ta jan igiyar. Kafin su iso ta, an riga an jefa wata. Jiragen tururi ne suka kashe sana'ar.