Kwana dubu bai sha ba, amma ba a ce masa bismillah shigo ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu iyaye maza.

Shekaranjiya ƙanina ya tura min wani fim a waya, na ce masa kai ni fa na girmi kallon faɗa, ya ce Yaya kai dai ka kalla. Sunansa Warrior, fim ɗin Amurka ne na 2011, masu kallon Indiya ƙila sun ga nasu da suka kwaikwaya a 2015 mai suna Brothers. Irin damben nan ne da ake yi a cikin keji, wanda suke cewa MMA, ana haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙe wuya har sai ɗaya ya suma ko ya bubbuga hannu alamar ya sallama. Ba talla nake masa ba, akwai kiɗa akwai shigar da ba tamu ba, kuma shi kansa wasan akwai magana a kai tunda hadisi ya hana dukan fuska. Amma wallahi da na gama kallo ba faɗan ne ya hana ni barci ba, tsohon ne.

Tsohon sunansa Paddy, a garin Pittsburgh yake, tsohon soja kuma mai horar da 'yan kokawa, lokacin da yake da ƙarfinsa mashayi ne na ƙarshe, in ya bugu ya dawo gida matarsa ce jakar naushinsa, yara biyu maza suna kallo. Da abin ya ishi matar sai ta gudu, ƙaramin wato Tommy ya bi ta, babban kuma Brendan ya tsaya saboda yarinyar da yake so, daga nan gida ya rabe biyu. Uwar a can ta rasu cikin talauci a wani ɗan akurkin ɗaki ba kuɗin asibiti, yaron nan shi kaɗai ya yi jinyarta har ta cika, sannan ya shiga soja aka kai shi Iraƙi. Sai bayan shekara 14 ya dawo, ya zauna a dokin ƙofar ubansa da kwalba a hannu yana jiransa, ya miƙa masa, tsoho ya ce ai na daina. Yaron har sunan uban ya ajiye, da sunan dangin uwarsa yake amfani.

To tsoho ya daina da gaske. Yana lissafin kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kusa kwana 1000 bai kai giya bakinsa ba, ya koma ga addininsa, ya yi laushi. Sai ya ɗauki mota ya tafi har Philadelphia wajen babban ɗan, wanda yanzu malamin makaranta ne mai koyar da fiziks, da mata da 'ya'ya mata biyu, banki na shirin ƙwace masa gida saboda bashi, ga kuɗin aikin zuciya da aka yi wa 'yarsa. Tsoho ya tsaya a waje cikin dare yana gaya masa ya cika kwana dubu, kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa yana jira a ce masa sannu. Ɗan ya nuna masa cewa yafiya kam ya yafe, amma yarda babu. Jikokinsa suka leƙo ta ƙofa, ya hango su yana ƙoƙarin gane wacce ce wacce, aka ja su ciki aka rufe. Nan na dakatar da fim ɗin na ajiye wayar.

Don na san irin wannan tsohon, a unguwarmu yake, ko digon giya bai taɓa sha ba. Muna yara in aka ji ƙarar babur ɗinsa daga bakin layi, 'ya'yansa ko a tsakiyar ƙwallo suke sai ka ga sun watse, wani ya faɗa banɗaki, wani ya ɗauki allo ya juya shi a kife yana karatun ƙarya. Wayar wuta yake naɗewa, kuma ba ya duba inda za ta sauka, mu maƙwabta muna jin kukan ta katanga, uwarsu in ta shiga tsakani ita ma ta samu rabonta. Yau ya tsufa, sahun farko ba ya wuce shi, carbi ba ya barin hannunsa, kuma ina kyautata masa zaton ya tuba. Babban ɗansa yana kudu yana aiki, duk wata alat na shigowa ba fashi, magani da hatsi da kayan sallah duk yana yi, amma in ya kira waya, Baba ina wuni ya jiki Allah ƙara sauƙi, minti ɗaya ba ta cika. Tsohon ya taɓa ce min a ƙofar masallaci, yaron nan ba ya hira da ni. Na rasa abin da zan ce masa.

Mu a wa'azinmu kullum ɓangare ɗaya muke ja. Biyayyar iyaye, kar ka ce musu uf, kuma gaskiya ne, aya ce a Suratul Isra'i ba mai taɓa ta. Amma yaushe rabon da ka ji an hau mumbari an ce wa uba ka ji tsoron Allah a kan ɗanka? Alhali Annabi SAW ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan komai da hannunsa ba, ba mace ba, ba hadimi ba, sai dai a fagen jihadi, yana cikin Muslim. Anas ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko uf bai taɓa ce masa ba, bai taɓa cewa don me ka yi kaza ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce ni 'ya'yana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Mu kuwa da yawanmu maganar Aƙra'u muka gada muke kiranta tarbiyya, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, an manta tanƙwarawa aka ce ba karyawa ba.

Akwai kuma wani ciwon a fim ɗin da ba na duka ba ne. Tsohon ya ga ƙaramin ya fi baiwar kokawa sai ya tattara hankalinsa kaf a kansa, babban yana gefe yana jira ko sau ɗaya a ce kai ma zo, har ya girma ya yi 'ya'ya abin na cin sa. Wannan kam a gidajenmu na mata biyu mata uku ba sai an yi bayani ba. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ya je neman Annabi ya zama shaida, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, mutumin ya koma ya karɓe kyautar.

Abin da nake so mu gane shi ne tuba kala biyu ce. Abin da ke tsakaninka da Allah, ka daina ka yi nadama ka ƙudurta ba za ka koma ba, Allah Gafurur Rahimu ne. Amma haƙƙin bawa sai ka je wajen bawan. Hadisi a Bukhari ya ce wanda ya san ya zalunci ɗan uwansa a mutuncinsa ko wani abu, ya nemi ya yafe masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladanka a ba shi. Ban ga inda aka cire ɗan cikinka daga wannan ba, ban ga inda aka cire matarka ba. Hadisin muflisi ma, wato wanda zai tsiyace ranar ƙiyama, har da wanda ya zo da sallah da azumi da zakka amma ya zagi wannan ya daki wannan.

Kuma in ka je, ba kai za ka tsara yadda za a karɓe ka ba. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza ya zo ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Wannan fa mafi tausayin halitta ke nan, ciwon yana nan. To kai da ka shekara ashirin kana zane yaro, ranar da ka sauko ba dole ba ne ya rungume ka a ranar. A fim ɗin ma ƙaramin ya yarda uban ya horar da shi don gasar da aka sa dala miliyan 5 a Atlantic City, amma da sharaɗin horo kawai, ba hira ba neman shiri. Har akwai daren da ya ci masa mutunci ya watsa masa kwabbai a fuska, tsoho ya koma ɗaki ya buɗe kwalba, kwana dubu suka tafi a dare ɗaya, da safe yaron ya same shi a buge yana sambatu yana kuka, sai ya jawo shi ya kwantar da shi a ƙirjinsa kamar jariri.

Ku kuma 'ya'yan da aka yi wa, ban ce ku yanke zumunci ba, ba zan taɓa faɗa ba. Allah ya ce a Suratu Luƙman ko da shirka iyaye suka matsa maka ka yi, kar ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. In abin da zuciyarka ke iyawa yau shi ne gaisuwa da kuɗin magani, riƙe shi da kyau, ka roƙi Allah ya buɗe sauran. Sai dai ka lura da hannunka, don na ga da yawa da suka rantse ba za su zama irin babansu ba, sai ga shi muryar tasa ce ke fita daga bakinsu in yaro ya zubar da shayi. Can a keji gwani shi ne mai kayarwa, Annabi kuwa ya ce ba mai kayar da mutane a kokawa ne ƙaƙƙarfa ba, ƙaƙƙarfa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Ni ma da nake wannan dogon rubutun ba tsira na yi ba. Makon jiya na ɗaga hannu zan ɗauko hulata a kan firij, yarona na tsaye kusa da ni, sai na ga ya kare fuskarsa da hannu biyu ya runtse ido. Shekararsa 9. Na yi kamar ban gani ba na fita. Jiya bayan asuba na kira shi, ɗan fari ne ko sunansa ban saba kamawa ba, na zaunar da shi a kan darduma na ce marin da na yi maka ranar da ka fasa min gilashin waya, ban kyauta ba, ka yafe min. Bai ce komai ba, ya juya yana kallon mamansa a bakin ƙofa don ya gane ko wani sabon laifin ya yi.